Yadda Ake Ɗaukar Hoton Bakin Tafki a Jos Idan An Fita da Iyali Farkon Bazara

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu garin Jos yana cikin wani hali na tsaka-tsaki. Hunturu ya tafi amma bai kwashe ƙurarsa duka ba, damina kuma ba ta sauka ba, sai dai hadari ya haɗu da yamma ya yi ta cika baki, wata rana ya zubar, wata rana iska ta watsa shi. A tsakanin nan ne makarantu da yawa ke ba da hutun zango na biyu, 'yan'uwa daga Kano da Bauci da Abuja su gudo wa zafi su hawo tudu, sai a ce a kai baƙi bakin ruwa su sha iska. Wanda wayarsa ta fi ta kowa kyau a gidan shi ake ɗora wa aikin hoto. Abin da aka saba dawowa da shi kuwa sananne ne: sama fari fat, fuskoki baƙi ƙirin, tafkin ya karkace kamar miya za ta zube daga faranti.

Galibi laifin ba na wayar ba ne. Hoton ruwa da duwatsu yana son lokacinsa na musamman da nutsuwa, iyali kuma suna son abinci da inuwa da mai kula da su. In ba a tsara fitar ba, hoto ba zai yi kyau ba, mutanen gida kuma su dawo da ɓacin rai. Don haka daga tsarin za mu fara.

Wane ruwa za a je

Yawancin tafkunan Jos hannun mutum ne ya samar da su. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a kan tudun nan, da aikin ya ja baya aka bar ramukan, ruwa ya cika su. Tafkin wurin shaƙatawa na Rayfield ɗaya ne daga cikinsu, irinsa kuma suna nan birjik ta wajen Bukuru har zuwa Barikin Ladi. Ban da su akwai madatsun ruwan sha, irin ta Lamingo da ke gindin duwatsun Shere.

In da tsofaffi da ƙananan yara a tafiyar, Rayfield ta fi sauƙi, don a cikin gari take kuma an gina ta ne domin baƙi. Wajen kyan gani kuwa, a wurina Lamingo ta fi, saboda manyan duwatsun da ke kewaye da ruwan. Sai dai madatsa wurin aikin hukuma ce. Ka yi wa masu gadi sallama, ka faɗa musu abin da ya kawo ku, ka tambayi inda aka yarda a tsaya, kuma ka kawar da wayarka daga gine-gine da injinan ruwa. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya, in ba ka da shi bar shi a gida. Tafkunan bayan gari kuma, kafin ka kwashi iyali ka tambayi ɗan yankin halin da hanya take ciki a makon, ku kuma baro wurin da sauran haske.

Abu na gaba shi ne ka san ta inda rana za ta zo. Wajen 20 ga Maris rana tana fitowa daga gabas sak, ta faɗi yamma sak, makonnin da ke kusa da ranar ma kaucewar kaɗan ce. Duwatsun Shere suna gabas da gari. Ke nan da yamma hasken yana sauka a fuskarsu su yi ja, da safe kuwa daga bayansu rana take leƙowa, su fito baƙi a hoto. Kowanne da kyansa, amma ka zaɓi wanda kake so tun daga gida, ka san gaɓar da za ku shimfiɗa tabarma.

Lokaci

A watan Maris rana tana fitowa a Jos wajen ƙarfe 6:30 na safe, ta faɗi wajen 6:35 na yamma. Hasken da mai hoto ke nema yana cikin sa'ar farko da sa'ar ƙarshe, lokacin da rana ta yi ƙasa, haskenta ya zo ta gefe ya fitar da kowane tsagi na dutse da kowace ƙwayar ciyawa. Tsakar rana ba ta da amfani. Wajen tsakiyar Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka a Jos, inuwa ta taru a ƙarƙashin ido da hanci, ruwa kuma ya riƙa ƙyalli yana kashe ido.

Safiya ta fi yamma abu ɗaya: ruwa a kwance yake. Kafin iska ta tashi za ka ga dutse da bishiya sun fito a cikin ruwan ƙasa a sama, wani lokaci har da ɗan tururi a kansa. Da hantsi ya ɗaga iska ta motsa, shi ke nan. Amma fitar da gida guda bayan sallar Asuba, da wanka da karin kumallo da neman takalmin auta, ba ƙaramin aiki ba ne. In kana son hoton safiya, ka tafi da manyan yara ɗaya ko biyu, ku dawo da ƙosai kafin sauran su tashi.

Fitar iyali ta yamma ce. A yi La'asar a kama hanya, a isa wajen huɗu da rabi. Sa'ar farko ba ta hoto ba ce, ta ci da sha ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya ƙoshi ya yi guje-gujensa ya fi tsayawa inda aka ce ya tsaya. Daga biyar da rabi aikinka ya fara, kuma kada ka yi sanya. A ƙasashenmu rana kusan a miƙe take sauka, ba ta jan ƙafa a bakin sama irin na ƙasashen Turai. In kuma da sauran hazo, tana nutsewa cikin ƙura tun kafin ta kai ƙasa, ka ga jan ƙwallo ya dushe ya ɓace alhali agogo yana cewa da saura. Bayan faɗuwarta akwai kamar minti 20 na shuɗin haske mai sanyi, wanda ya faɗo daidai Magariba. A tafi da darduma da buta.

Shirin daren jajibiri

Caja waya ta cika, ɗauki fawabank, share tsofaffin bidiyo don a sami wuri. Nemi ƙyallen goge tabarau ka sa a aljihu. Ƙurar wannan lokaci da maiƙon yatsa su ne ke sa hoto ya fito da hayaƙi-hayaƙi, mutum ya yi ta zargin waya. Ka hure gilashin tukuna kafin ka goge, don ƙwayar yashi tana karce shi.

Sai ka shiga saitin kyamara ka gyara abu huɗu. Kunna layukan raga, waɗanda ke raba allo gida tara, a yawancin wayoyi an rubuta musu Grid. Mayar da girman hoto 4:3, shi ne ke amfani da idon kyamarar gaba ɗaya, sauran yanke shi suke yi. Kashe saitin gyaran fata, wanda wayoyin Tecno da Infinix da makamantansu kan zo da shi. Kashe kuma tambarin sunan waya da ke fitowa a gindin hoto.

Maganar tufafi ka yi ta da uwargida tun da dare. Ƙasar Jos a ƙarshen rani ruwan toka ce da ruwan ƙasa, ciyawa ta bushe, dutse ya yi fari-fari. Ja da rawaya da shuɗi mai duhu su ne ke tashi a kan wannan launi. Farar shadda tana da kyau a ido amma a hoto takan ƙone, aikin wuyan ma ba a gani. A saka wa yara rigunan sanyi a jaka. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da rana ta faɗi a bakin ruwa sanyi yake saukowa ko a bazara.

Wa ke kallon yara

Wannan matakin ba a tsallake shi. Ramin kuza ba kamar gulbi ba ne da ake shiga a hankali ruwa yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Gaɓarsa a tsaye take, taku biyu daga baki sai zurfi, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Gefen da ruwa ya janye a rani yakan yi kamar ya bushe alhali ƙarƙashinsa taɓo ne. Mai ɗaukar hoto idonsa yana kan allo, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Duk lokacin da za ka ɗaga waya, ka miƙa yaran ga wani babba da baki, ka ji ya amsa.

"Maman Ummi, zan sauka wajen dutsen can, minti goma. Yaran suna hannunki."

"To Abban Ummi, na karɓa. Amma goman ta zama goma."

In ke ce mai ɗauka, haka za ki yi da maigida ko da yayarki. "Ai kowa yana ganinsu" ita ce maganar da ke sa babu mai ganinsu. Kada kuma a bar yara su shiga ruwan ko da a wurin da bai da zurfi, don kwantaccen ruwa irin wannan yakan ɗauki cutar tsargiya.

Inda za ka tsaya

Lokacin da ake buɗe kuloli, kai ka zaga gaɓar ba tare da ka ɗauki komai ba. Abin da kake nema shi ne wani abu a kusa da ƙafarka da zai zauna a gaban hoton. Mafi yawan hotunan tafki da ba su da armashi, dalilinsu ɗaya ne: mutum ya tsaya a miƙe, ya ɗaga waya daidai fuskarsa, ya ɗauki ruwa da sama kawai. Ido bai da inda zai fara. Hoto mai kyau yana da hawa uku, na kusa da na tsakiya da na nesa. Ruwa shi ne na tsakiya, dutse ko jerin bishiyoyin turare na can ƙetare su ne na nesa, na kusan ne aikinka.

Farkon bazara yana taimakonka a nan, domin ruwa ya ja baya iyakar ja. Za ka sami laka da ta tsattsage, da dutsen da ke ɗauke da zanen inda ruwa ya kai a damina, da busasshen kututture, da sawun shanu, da kwalekwalen da aka ja gefe. A wasu tafkunan akwai jajayen tsibin ƙasar da masu haƙa suka bari, da shingen kerana, da koren kabeji da karas na masu noman rani, kore ɗaya tilo a cikin fili busasshe.

Ka ce ka sami dutse mai girman turmi a bakin ruwa. Durƙusa har gwiwarka ta taɓa ƙasa. Juya wayar kai ƙasa yadda idon kyamarar zai dawo kusa da fuskar ruwa, kamar taƙi ɗaya a samansa, ka riƙe da hannu biyu. Sa dutsen a mahaɗar layukan raga ta ƙasa, hagu ko dama, kada ya zauna a tsakiya. Yanzu dubi allo: ruwan ya faɗaɗa, inuwar duwatsun nesa ta miƙo har kusa da kai, ledojin da ke gaɓar can kuma sun ɓuya. Matsa taku ɗaya hagu ko dama har sai sandar lantarki ta fita daga gefe. In da ledar ruwa a gabanka, tsince ta, ya fi goge ta a waya sauƙi.

Kafin ka danna, daidaita bakin ruwa na ƙetare da ɗaya daga cikin layukan kwance na ragar. In sama tana da gizagizai masu kyau, ɗora shi a layin ƙasa, sama ta ci kashi biyu cikin uku. In sama fara ce babu komai, kai shi layin sama ko ma sama da haka. Wuri ɗaya ne raba hoto biyu daidai yake kyau, wato sa'ad da ruwa ya kwanta lum, dutse da inuwarsa suka yi daidai wa daida.

Zuƙo hoto da yatsu biyu yankan hoto ne kawai, yana ɓata shi. Tsaya kan lambobin da wayar ta ba ka, 0.5 da 1, da 2 ko 3 in tana da su. Na 0.5 yana son abu a kusa sosai, in babu sai komai ya zama ƙanana. Kada ka sa mutum a gefensa, yana miƙe kai da hannu.

Haske da hazo

Waya ita ke zaɓar yawan haske, kuma a bakin ruwa da yamma takan yi yawa. Taɓa allo a wurin da ya fi haske wanda kake son launinsa ya fito, misali gajimare ko gefen dutse da rana ta haska. Alamar rana za ta bayyana, ja ta ƙasa a hankali har jan sama ya dawo. In ka danne wurin na ɗan lokaci, yawancin wayoyi za su kulle saitin, ba zai sauya ba ko ka motsa. Gara hoto ya ɗan yi duhu, ana iya ɗaga shi daga baya. Wurin da ya ƙone fari ba ya dawowa. Bar HDR a kunne in kana ɗaukar fili, yana haɗa sama mai haske da gaɓa mai duhu.

Hazo ba a faɗa da shi. Ranar da ya yi kauri, shuɗin sama ba zai samu ba, to ka nemi abin da yake bayarwa. Yana jera duwatsu hawa-hawa, na kusa duhu, na bayansa ya fi haske, na can ƙarshe kamar zane, kuma lamba 2 ko 3 ce ke kama wannan. Yana kuma rage zafin rana har ta zama jan faifai da za a iya sa wa a hoto, da jan layi a kan ruwa.

Amma ranar da ta fi kowacce ita ce washegarin ruwan farko. Iska ta wanku, duwatsun Shere su matso kamar ka taɓa, gizagizai su yi tsibi-tsibi. In baƙinku suna nan aka yi ruwa da dare, a sauya duk wani shiri a fita ranar. Yammacin da hadari ya haɗu a gabas rana kuma tana haskowa daga yamma, shi ma abin nema ne: sama baƙa, dutse da ciyawa sun yi zinariya. Lokacin ne kuma shamuwa ke dawowa, ga balbela da zalɓe a gaɓa. Sai dai hadarin farko yana zuwa da iska mai ƙarfi da tsawa. Da ka ji tsawar farko, kowa ya shiga mota, ba gindin bishiya ba.

Sa mutane a ciki

Jera iyali a gaban ruwa suna kallon kyamara hoto ɗaya ne, a yi shi a wuce. Juya su yadda rana za ta zo musu ta gefe, don in tana gabansu za su runtse ido, in tana bayansu fuska za ta yi duhu, sai ka kunna filasha in kana kusa, taku biyu ko uku. Hajiya ta zauna a kujera ko kan dutse mai faɗi, jikoki su kewaye ta. Jingina wayar a kan kula ko mariƙi mai ƙafa uku, sa agogon daƙiƙa 10, ka shiga. A maimaita sau uku, dole wani ya ƙifta.

Sauran hotunan, bari mutum ya zama ƙarami a cikin fili. Yarinya da jan mayafi a kan dutse, nesa da baki, tana kallon ruwa, ita ce za ta nuna girman wurin. Kada ka ce wa yaro ya yi murmushi, ba shi aiki. "Sadiku, jefa dutsen can mu ga inda zai kai." Ɗauki a jere lokacin da hannunsa ya ɗaga. A wasu wayoyi danne maɓallin ake yi, a wasu jan sa ake yi gefe ko ƙasa, ka gwada taka tun a gida. Da rana ta kusa faɗuwa, sa su tsakaninka da ita a wuri mai tudu, rage haske sosai, su fito baƙaƙen surori. A bar tazara tsakaninsu, in suka cure sai su zama dunƙule ɗaya.

Za ka tarar da masu wurin: mai ban ruwa da injinsa, mai kamun kifi, makiyayi da ya kawo shanu, mata masu wanki. Ko Berom ne ko Afizere ko Bafulatani, Hausa za ta isar. "Sannu da aiki, Baba. Mun kawo baƙi ganin ruwa ne. Ka yarda in ɗauki gonar da kai a ciki?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, nuna masa hoton. Mata da 'ya'yan mutane kuwa a bar su, sai in su suka nema.

Ga mai babbar kyamara

Don fili, sa ISO (ma'aunin ƙarfin karɓar haske) a 100, buɗewar ido f/8 zuwa f/11, ka sa ido ya kama abin da ke ɗan gaba da dutsen kusa. Yara masu gudu suna son saurin ƙiftawa 1/500, ko da za ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. In a hannu kake riƙe da ita kada ka sauka ƙasa da 1/60. Gilashin kashe ƙyalli, wanda ake sayarwa da sunan CPL, yana cire walƙiyar ruwa har a ga duwatsun ƙarƙashi, ya fi aiki in rana tana gefen kafaɗarka. Yana cin rabin haske ko fiye, kuma yana goge inuwar duwatsu daga ruwa, don haka in ita kake so sai ka juya shi baya. Bayan faɗuwar rana, ɗora kyamara a mariƙi, ba ta daƙiƙa 1 zuwa 2 da agogon jinkiri na daƙiƙa 2, ruwan zai fito sumul. Waya mai sashen Pro ma tana iya wannan. Ɗauki da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, in za ka gyara a kwamfuta, kuma kada ka sauya gilashi a fili cikin ƙura, shiga mota ka rufe.

Bayan an dawo

A daren ka zauna ka tace. Cikin kowane jeri zaɓi ɗaya, ka goge sauran. Gyara na farko shi ne miƙe bakin ruwa, akwai wurin yin sa a ma'ajiyar hotunan kowace waya. Sai ka rage wuraren haske, ka ɗan ɗaga inuwa. Manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce kuma ta isa. Manhajar Lightroom tana da maɓallin rage hazo, amma taɓa shi kaɗan, in ya yi yawa sama takan yi datti, fatar mutane ta sauya. Haka launi: in ciyawar Maris ta koma kore shar a hotonka, duk ɗan Jos zai gane.

WhatsApp yana matse hoto. Tura wa 'yan'uwa ta hanyar fayil, ko aƙalla ka danna HD. Wanda za a wanke a rataya, kai shi shago ta waya ko filashi daga asalinsa, kada a ciro shi daga zauren iyali. Ka tuna takardar inci 4 da 6 ta fi hoton 4:3 tsawo, za a yanke sama da ƙasa kaɗan, ta inci 8 da 10 kuma gefe take ci. Ka ce mai shagon ya nuna maka yankan a allo kafin ya buga, don kada hular Alhaji ko dutsen da ka durƙusa dominsa ya tafi.